Ranar da Aka Haƙa wa Malam Shiru Kabari

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. Duk gidan biki ko sunan da na shiga a Azare sai an ja ni gefe an ce, "Sista, wai da gaske ne gawa kuka shigo da ita daga Nijar?" Wata ma ta rantse mini cewa rabin mutum muka sayo. Na gaji da maimaita labarin, kuma duk wadda ta ji sai ta ƙara nata gishirin, don haka ga shi a rubuce. Wadda ta sake tare ni zan miƙa mata takarda in wuce.

Na daɗe ina aikin jinya kafin in yi ritaya. Da ni da ƙawata Madam Rifkatu, ungozoma 'yar Bogoro da ta fi ni sanin lungunan Azare, muka ga zaman gida zai tsufar da mu kafin lokaci. Sai muka kama ɗan shago, muka kafa allo cewa muna koyar da taimakon gaggawa: yadda ake tsayar da jini, da ɗaure karaya, da danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke har Allah ya sa ya dawo. Wata biyu muna share shagon nan. Ba wanda ya shigo sai masu son a auna musu hawan jini kyauta, da wata akuya da ta cinye mana bandeji.

Mutum ɗaya na sa wa ido, Malam Buba, tsohon da ke shugabantar masu kwale-kwale a wani mashigi kusa da garin Katagum. Duk damina ruwan nan sai ya ci mutane, kuma su ne ke fito da su. Abin da suka iya shi ne a matse wa mutum ciki, in bai motsa ba a yi salati. Sau uku ina zuwa wajensa. A na ukun ya ce, "To Sista, zan tara miki mutanena ranar Asabar. Sau ɗaya, kafin ruwa ya sauko. Amma a jikin wa za ki gwada?"

Na ce ai ɗaya daga cikinsu zai kwanta ya yi kamar ya suma. Malam Buba ya girgiza kai. Ashe a wajensu wanda ya kwanta ya kwaikwayi mutuwa a bakin ruwa kiranta ya yi, ba mai yi ko da wasa. Rifkatu ta ce ita za ta kwanta, sai duk suka sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu. Malam Buba ya ce, "In kin samo abin gwaji ki zo Asabar. In ba ki samo ba kar ki wahalar da kanki, don in damina ta zauna ba mai lokacin karatu."

A nan na tuna da Hajiya Hadiza, ma'aikaciyar jinya a Damagaram da muka zauna ɗaki ɗaya a aikin Hajji. Ta taɓa gaya mini wasu likitocin Turawa sun bar mata mutum-mutumin roba na koyon wannan aikin. Na buga mata waya. Ta ce, "Don Allah zo ki kwashe shi, maigidana ya hana ni sakat a kansa."

Ranar Laraba muka ɗauki shatar motar Sale, direba mai bakin da ba ya gajiya da mota wadda ta gaji tuntuni. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Muka bi ta Gadau, Kafin Hausa, Haɗeja, Gumel, yana ba mu labarin duk wanda ya taɓa ɗauka da abin da ya same shi daga baya. A Haɗeja Rifkatu ta sayi bandar kifi don tsaraba, ta sa a ƙarƙashin kujera, tun daga nan har kan iyaka ƙuda ke raka mu. Shiga Nijar bai ba mu wahala ba. Aka duba takardunmu, aka ce mu sauka lafiya.

Damagaram gari ne na Hausawa kamar mu, amma sai ki riƙa jin kamar an ɗan karkata komai. Asibiti su likita suke ce masa. Yaro ɗan mitsitsi zai gaishe ki da "lahiya lau", ya juya ya yi wa ɗan'uwansa faɗa da Faransanci. Burodinsu dogo ne mai tauri, wanda in ɓarawo ya shigo ba sai kin nemi taɓarya ba. In rana ta take kuwa kowa rufe shago yake ya je ya kwanta, har mai sayar da ruwan sanyi, wanda a Azare lokacin ne ma yake ciniki. Shayi kuma sau uku ake zuba miki a ɗan kofin da bai fi kurɓa biyu ba, in kika tashi bayan na farko kin yi rashin ladabi. Rifkatu ta sha na farko ta ce maganin zazzaɓi ne. Amma dambun zogalen da Hajiya Hadiza ta yi mana, wallahi har yau ina tuna shi, mun ci har muka ji kunyar kanmu.

Da safe ta kai mu ɗakin ajiya. Ga shi can a kan buhun gero an juya fuskarsa bango. Kai ne da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa, fata irin ta Bature, baki a ɗan buɗe. In kika danna ƙirjin yadda ya kamata sai ya ce ƙas, in kika hura masa iska a baki sai ƙirjin ya tashi. Maigidan, wani dattijo mai sanyin magana, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, shekara biyu ban shiga ɗakin nan ba. Ko gero nake so sai in aika." Rifkatu ce ta raɗa masa suna Malam Shiru, wai shi kaɗai ne namijin da ta taɓa gani ana magana bai sa baki ba.

Jakarsa ɓeraye sun cinye. Da za mu tafi, Hajiya Hadiza ta ɗauko wani tsohon farin zanen gado muka naɗe shi saboda ƙura. Rifkatu ta yagi bakin zanen ta ɗaure shi yadda take ɗaure tabarma, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Da na kalli ƙunshin nan na so in ce a kwance, don duk Musulmin da ya gan shi ya san da me ya yi kama. Amma muna sauri, na ce a raina wa zai kula. Muka kwantar da shi a kujerar baya, ni da Rifkatu muka matse a gefe.

Asubar Juma'a muka kamo hanya. A kan iyaka wani jami'i matashi mai ladabi ya leƙo ya ce, "Mama, mene ne wannan?" Muka kwance. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina sauransa?" Na ce haka aka yi shi. Ya kira na gaba da shi, shi ma ya kira na gaba da shi. Babban nasu ya sa yatsa ya taɓa, na ce ya danna da ƙarfi, ya danna, abin ya ce ƙas, ya ja da baya har ya taka ƙafar yaronsa. Matsalarsu ita ce takarda. In mutum ne sai ya nuna katin shaida, in kaya ne sai a san wane iri, kuma a jerin kayan da ke hannunsu babu rabin Bature. Bayan doguwar shawara suka rubuta "'yar tsana ta manya" suka buga hatimi.

Ba a nan ta tsaya ba. Duk shingen da muka iso sai an kwance, an yi bayani, 'yan talla sun taru, wani ya ce gunki ne, wani ya ce kayan tsafi ne, sannan a sake ɗaurewa. Rana tana ta yi. A shinge na huɗu, da jami'in ya leƙo, sai na ga Sale ya langaɓar da kai ya ce cikin wata murya da ban san yana da ita ba, "Yallaɓai, rasuwa aka yi mana. Gida za mu kai shi."

Mutumin ya cire hularsa ya ce, "Inna lillahi. Ku wuce, Allah ya ba ku haƙuri."

Ya kamata in ce na tsawata wa Sale. Ban yi ba. A shinge na gaba ma ni da kaina na ja mayafi na rufe fuska. Rifkatu, wadda shugaba ce a zumuntar mata a cocinsu, har jan hanci take. Muka riƙa wucewa kamar motar gwamna, ina jin daɗi ina jin kunya duk a lokaci ɗaya.

Mun wuce Haɗeja da kaɗan motar ta yi tari biyu ta mutu, daidai bakin wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba don sun yi mana alheri. Samari suka zo turawa. Ɗayansu ya hango farin ƙunshi ya tambaya, bakin Sale kuwa ya riga ya saba, sai ya maimaita abin da yake faɗa tun safe. Kafin in buɗe baki labari ya shiga gari.

Aka kai mu cikin gidan mai gari, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Mata suka fara shigowa, har da Fulanin rugar da ke bayan gari, kowa da "Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa mai ceto ne." Saboda gajartar ƙunshin sun ɗauka yaro ne. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan wace ce a cikinku?" Na nuna Rifkatu, Rifkatu ta nuna ni. Da suka ga ita ce ke zufa tana kasa magana, suka yanke cewa nata ne, suka zagaye ta suna mata fifita. Ta kalle ni da wani irin ido da ban taɓa gani ba duk zamanmu.

Na ce a raina bari a gyara mota mu sulale. Sai ga uwargidan mai gari ta shigo da saƙo. Wai bakanike ya ce abin da ya lalace sai gobe za a samo shi daga Haɗeja. Wai mai gari ya ce da wannan zafin ba daidai ba ne a bar bawan Allah a mota, baƙo kuma haƙƙinsa yana wuyan mutanen gari. Wai mu kwantar da hankali, an riga an haƙa, kuma yaron ya yi sa'a don yanzu aka sauko daga Juma'a, jama'a ta cika.

Na leƙa ta saman katanga. Ga Malam Shiru a kan makara, mutum huɗu sun ɗauke shi suna mamakin rashin nauyinsa. Sale kuwa ƙafafunsa kawai na hango a ƙarƙashin mota.

Rifkatu ta damƙe hannuna ta ce a hankali, "Hajiya, in kika bari suka binne shi, me za mu kai wa Malam Buba gobe?"

Zan so in ce tsoron Allah ne ya fara ɗaga ni. Gaskiya fuskar Malam Buba ce ta fara zuwar mini, tsoron Allah ya biyo baya da gudu, don na tuna mutum fiye da sahu uku za su yi wa roba salla saboda ƙaryar da na yi shiru a kanta. Na fita ko takalmi babu. Ni da ban taɓa ratsa taron maza ba, na ratsa su har gaba, liman yana gyara tsayuwa zai ɗaga hannu, na ce da ƙarfi, "Malam, don Allah dakata! Roba ce!"

Liman ya ce, "Baiwar Allah, haƙuri za ki yi." Wani ya ce a mayar da ni cikin gida, baƙin ciki ne ya taɓa ni. Na durƙusa na kwance ƙullin nan uku da hannuna. Malam Shiru ya bayyana da farar fuskarsa da bakinsa a buɗe yana kallon sama.

Liman ya ja da baya. Mai gari, dogon mutum mai furfura, ya ce, "Hajiya, da girmanki?" Kalma uku, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na faɗi gaskiya duka, tun daga shago har shinge na huɗu, na ce laifina ne, su yafe mini. Wani daga baya ya ce to kabarin fa, an sha wahalar haƙa shi cikin rana. Wasu suka ɗan waiga wajen wani tsoho tukuf da ke zaune a kan dutse da sandarsa. Ya ɗaga sandar ya ce, "Kar wanda ya kalle ni!"

Dariyar da aka yi ce ta cece mu. Mai gari ya ce tunda mun tara masa jama'a a banza, sai in nuna musu amfanin abin. Na durƙusa a nan gefen maƙabarta, na ɗaga haɓar Malam Shiru na hura masa iska. Ƙirjinsa ya tashi. Sahun farko gaba ɗaya ya watse, wani har ya bar takalminsa. Da suka dawo na nuna musu inda ake ɗora hannu da yadda ake dannawa. Mai haƙar kabarin ne ya fara gwadawa, kuma shi ya fi kowa iyawa, don yana da damtse. Haka na yi ajina na farko, ba a shagon da muka share wata biyu ba. Hukuncin Sale kuwa, shi kaɗai ya mayar da ƙasar kabarin, mai gari yana zaune yana kallonsa.

A gidan muka kwana, suka ba mu tuwon gero miyar kuka da man shanu. Matan da suka yi wa Rifkatu ta'aziyya suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna karɓe abarsu. Da safe kayan motar bai iso ba, aka samo mana a-kori-kura mai ɗaukar albasa da za ta bi ta Katagum. Mai gari ya ce ba za a sake naɗe abin nan da farin zane a ƙasarsa ba. Ya kawo tsohuwar rigarsa da hula aka sa masa, aka zaunar da shi a gaba kusa da direba, mu kuma muka hau kan albasa. A hanya mutum biyu sun ɗaga masa hannu, ɗaya ma har da rusunawa.

Mun isa mashigin rana ta yi sama sosai. Gabas ta yi baƙi da hadari, mutanen sun fara tashi suna kakkaɓe riga. Malam Buba yana zaune a gindin bishiya. Ya kalle mu, ya kalli rabin mutum cikin riga da hula, ya ce, "Ku zauna." Suka koma suka zauna.

Na cire masa rigar na kwantar da shi a kan yashi. Na ce in an fito da mutum ba ya numfashi, a bar cikinsa, a ɗaga haɓa a hura masa iska, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin, a sake hurawa sau biyu, a ci gaba a haka. Matasan suna ta dariya suna zungurin juna, wani ya ce shi ba zai sumbaci Bature ba. Malam Buba bai yi dariya ba. Ya miƙe da ƙyar, ya zo ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Na ɗora masa hannuwansa a wurin. Ya danna, shiru. Na ce, "Da ƙarfi, Baba, kar ka ji tausayinsa." Ya danna, abin ya ce ƙas. Ya ci gaba yana ƙirgawa da Fulatanci har ya cika talatin.

Ya ɗago ya ce, "Har yaushe ake yi?"

Na ce, "Har ya yi numfashi, ko wani ya karɓe ka, ko ƙarfinka ya ƙare."

"Ko da an fito da shi ba ya motsi sam?"

"Ai don wannan aka yi shi, Baba."

Ya juya ya kalli ruwa. Sannan ya ce, "Bara ni na fito da Habu, autana. Da hannuna. Jikinsa da ɗumi. Na rufe shi da rigata tun kafin uwarsa ta iso, ga gidan can kina gani, ba nisa." Ya juyo ya dube ni. "Sista, da na yi masa wannan, da ya tashi?"

Na yi ƙarya jiya na ga inda ta kai ni, ban iya yi masa wata ba ko da ta lallashi ce. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wani yana tashi, wani ba ya tashi. Rai na Allah ne."

Ya gyaɗa kai. Bai juya ba ya ce wa mutanensa, "Ku yi layi. Ba wanda zai taɓa kwale-kwale yau sai ya iya." Sannan ya mayar da hannuwansa kan ƙirjin ya ci gaba da dannawa. Talatin ta wuce, sittin ta wuce, zufa tana ɗiga daga gemunsa, na farkon layi yana tsaye yana jira. Ni da Rifkatu muka kalli juna, amma ba wadda ta iya ce masa ya isa.